Daƙiƙa Goma a Faifan Larkspurs

Baltimore, 3 ga Agusta, 1981

Yaya Ozella,

Ki ajiye abin da ke hannunki ki zauna, ina da sanarwa ga duk wanda ya fito daga tsatson Tisdale. Bayan shekara goma sha ɗaya ina tonon tsofaffin jaridu, jiya da ƙarfe huɗu saura kwata na tabbatar cewa kwat ɗin da mawaƙan Larkspurs suka sa a hoton nan nasu koriya ce, ba shuɗiya ba. Na san labarin zai girgiza North Carolina. Ki gaya wa fasto a hankali.

To, sai gaisuwa. Ina fata kina lafiya, ke da Yaya Rayford da jikoki. Yaya gwiwar? Ni lafiya lau, sai dai likita ya raba ni da gishiri, kuma ban ga alamar nadama a fuskarsa ba. Aiki a ɗakin karatu yana nan yadda yake. Da zafin nan mutane suna shigowa shan sanyi, wasu har su taɓa littafi bisa kuskure.

Rabonmu da haɗuwa tun jana'izar Kawu Cleon, kuma na san zumuncin da sai an zana shi a takarda ake gane shi bai ba ni izinin damun ki ba. Amma kakarki ƙanwar kakana ce, dole ki haƙura da ni.

Ga maganar. Wasu samari biyu a Philadelphia za su tattara waƙoƙi takwas ɗin da Larkspurs suka yi su fitar a babban faifai guda, kuma ni aka ba rubuta tarihin da za a buga a bayan kwalin. Ga yadda na fara, ki duba:

"A 1952 wasu maza huɗu suka dawo daga soja suka tarar kowace kusurwar titi a Baltimore tana da mawaƙanta. Ba su da ganga, ba su da garaya, sai muryoyi huɗu da matakalar wani gidan haya mai amsa kuwwa. Cleon Tisdale a ƙasa, Percell da Junius a tsakiya, Rayford Gaither a sama. A lokacin kowace ƙungiya sunan tsuntsu take ɗauka, su ma suka zaɓi Larkspurs. Sai da faifansu ya fito wata malamar makaranta ta gaya musu sunan fure ne."

Daga nan na bi ta kan ɗaukar murya a ɗakin da ke saman shagon kujeru a 1953, da yadda "Ruwan Ranar Talata" ta cika gari, da watsewarsu a 1955. Na kuma sa yarinyar nan 'yar shekara goma sha tara da ta buga musu piyano ba a rubuta sunanta ba. Wannan karon za a rubuta, ko kina so ko ba kya so.

Abu na biyu ya fi girma. Ranar 14 ga Nuwamba za a yi taron tsofaffin ƙungiyoyi a zauren ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Percell da Junius sun yarda. Surukin Percell zai tsaya a gurbin Kawu Cleon. Saura Yaya Rayford, kuma in babu muryar sama babu Larkspurs, sai tsofaffi uku suna gurnani. Masu kiɗa za su buga waƙar daidai yadda take a faifai, ba ragi ba ƙari, don mutane za su zo ne su ji ƙarshen nan inda yake hawa sama ya tsaya. Na san naku faifan ya fashe tun ƙaurarku zuwa Tarboro, shi ya sa na kwafa masa nawa a kaset. Ki ce ya fara gwaji.

Ƙaninki,
Alphonso

Tarboro, 17 ga Agusta

Malam Littafi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ita ke gaya mini za a yi ruwa kafin rediyo ya faɗa. Ka bi maganar likita. Kawunka Cleon bai bi ba.

Kwat ɗin ruwan toka ce. Ni na goge ta.

Ranar da wasiƙarka ta zo Rayford ya karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, ya shigo yana dariya kamar an ba shi jika namiji. Ya ce, "Zella, ashe akwai masu tuna mu." Ya ɗauki rikodar jikarmu ya shiga garejin mota ya rufe ƙofa. Kwana uku ina jin sa daga kicin. Yana tafiya lafiya har ya kusa ƙarshe, sai muryar ta tsage. Ya mayar da kaset baya. Ta sake tsagewa. Rana ta huɗu ya fito ya ajiye rikodar a kan tebur.

Na ce, "Ray, shinkafa ta nuna."

Ya ce, "Wancan yaron ya mutu, Zella. Ni direban motar 'yan makaranta ne."

Da ya fita na ɗauki kaset ɗin na zauna a piyano. Ka karanta wannan da kyau, Alphonso. A ɗakin nan na saman shagon kujeru, a baƙin maɓalli na fara waƙar. Hannuna ya san wurin, ko cikin barci aka tashe ni can zai je. Kaset ɗinka kuwa a farin maɓallin da ke gaba da shi yake farawa. Abin da ke faifan ya fi abin da muka yi tsayi da mataki guda. Rayford yana neman hawa inda bai taɓa hawa ba ko yana ɗan shekara ashirin da bakwai.

Na faɗi wannan tun 1954 da faifan ya fito. Suka yi mini dariya, suka ce piyanon mahaifiyata ce ta karkace. Jiya na sake gaya wa Rayford, ya ce lallashinsa nake yi. Ni matarsa ce, maganata ta zama kamar ƙarar firiji. Kai kuwa yana ganin ka karanta duk littattafan duniya. Ka gaya wa masu kiɗan su sauko mataki guda, ka kuma rubuto masa dalilin.

Yayarka,
Ozella Gaither

Baltimore, 25 ga Agusta

Yaya Ozella,

Na ji daɗin wasiƙarki, ina gaida gwiwa. Ni ina nan ina cin abinci mai ɗanɗanon takarda.

Zancen kwat zan bar shi, don ban saba jayayya da dutsen guga ba.

Zancen maɓalli kuwa, Yaya, ki bari in yi magana a matsayin wanda ya ƙare rayuwarsa tsakanin abin da mutane suka tuna da abin da aka rubuta. Na tambayi Percell a ina aka ɗauki muryarsu, ya ce hawa na biyu. Junius ya ce hawa na uku, kuma an yi dusar ƙanƙara, a watan Yuni. Ƙwaƙwalwa tana gyara wa mai ita labari don ta faranta masa. Faifai ba ya gyara komai, ba ya son kowa, ba ya auren kowa. Na gwada injin faifaina da kyau, yana juyawa daidai. Piyanon da ta sha damina ashirin da shida a Tarboro kuwa tana da haƙƙin ta ɗan sauka, ni ma na sauka.

Amma na fahimce ki, kuma abin ya taɓa ni. Kin ga mijinki yana shan wahala, kin nemo masa ƙofar da zai fita ba tare da ya sunkuya ba. Da na sami mace mai yi mini irin wannan ƙaryar da ban zauna da kyanwa ba. Sai dai ni ba zan iya sa hannu a kanta ba, don in na rubuta a bayan kwali cewa faifan ya yi kuskure, masu tara faifai za su cinye ni ɗanye.

Na yi abin da ya fi. Na yi magana da shugaban masu kiɗa, ya ce saukowa ba wuya. Na kuma aika wa Yaya Rayford tasa wasiƙar dabam. Na gaya masa tsufa ba abin kunya ba ne, kowa a zauren nan ya san shekara hamsin da biyar ba ashirin da bakwai ba ce, za a sauko masa da kiɗan, kuma ba wanda zai yi masa dariya. Na yi ta da taushi sosai, har ni na yaba wa kaina.

Ƙaninki,
Alphonso

Baltimore, 21 ga Satumba

Yaya Ozella,

Ina fata lafiya. Mako huɗu ke nan ban ji daga gare ku ba. Na zargi gidan waya, na zargi gwiwa, har na duba ko an yi ambaliya a Tarboro. Na buga waya sau biyu, jikarki ta ce kin ce ba kya nan.

Masu buga takardar talla suna son sunaye kafin ƙarshen ranar 10 ga Oktoba. In ba Rayford, masu taron sun ce za su cire Larkspurs gaba ɗaya. Junius ya riga ya sayi takalmi.

Alphonso

Tarboro, 27 ga Satumba

Alphonso,

Muna raye. Na yi shiru ne don fasto ya ce kada mutum ya riƙe alƙalami yana cikin fushi. Na jira fushin ya wuce, bai wuce ba, kuma lokaci yana tafiya.

Wasiƙarka mai taushi ta iso. Ya karanta ta sau biyu, ya ninke, ya sa a aljihu.

Na ce, "Me ɗan uwan nawa ya ce?"

Ya ce, "Ya ce za su tausaya mini."

"Ba haka na ce ya rubuta ba."

"Ai shi mai ilimi ne, Zella. Ba zai yi mini ƙarya ba kamar ke."

Ranar Lahadin da ta biyo baya bai sa rigar mawaƙa ba. Shekara ashirin da huɗu yana tsaye a layin baya na mawaƙan coci, ranar ya je ya zauna cikin jama'a kusa da ƙofa. Dattijuwa Hargrove ta leƙo ta ce, "Ɗan'uwa Gaither, mura ce?" Ya ce, "A'a, Mama, hankali na yi." Lahadi huɗu ke nan. Da, in yana wanke mota, duk layinmu sun sani saboda waƙarsa. Yanzu sai ƙarar ruwa.

Ni ban damu da taronku ba, ko takalmin Junius. Ka aiko wa gidana da kaset, ka ɗauke mini muryar da nake ji kowace safiya tun ina yarinya, sannan ka kira ni maƙaryaciya cikin ladabi.

Piyanona mai gyara yana zuwa duk Afrilu. Na kai kaset ɗin coci na gwada a tasu, na gwada a ta makarantar sakandare. Piyano uku ba za su haɗa baki don su faranta wa Rayford ba.

Kuma ga wani abu, tunda kai sai lissafi. Ranar ɗaukar muryar, mai injin ya ce in muka wuce minti uku ba za ta shiga faifai ba. Ya ajiye agogo a kan piyano a gabana. Da muka gama ya ce, "Da ƙyar kuka sha, saura daƙiƙa biyu." Ka duba naka faifan ka ga abin da aka rubuta.

Ban ce ka yarda da ni ba. Ka ce aikinka bincike ne. Tashi ka bincika.

Ozella

Baltimore, 4 ga Oktoba

Yaya Ozella,

Ina gaisuwa, in an karɓa. Lafiyata ƙalau, in ban da kunnuwa da suke zafi tun ranar Talata.

Na duba faifan. Minti biyu da daƙiƙa arba'in da takwas. Na gaya wa kaina agogon mai injin ne ya lalace, sai na lura cewa a cikin wata guda na lalata piyano uku da agogo ɗaya don kawai in zauna lafiya. Jiya Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Philadelphia.

Samarin suna aiki a bayan wani shagon gyaran rediyo. Wanda ke kula da injuna sunansa Lionel, gashinsa ya fi kansa girma. Ashe makon jiya suka karɓo ainihin tef ɗin da aka ɗauki muryar a kai, daga hannun matar marigayi mai injin, wadda ta ajiye shi shekara da shekaru a kabad tare da barguna.

Na ce, "Ina son ganin kwalin 'Ruwan Ranar Talata'."

Ya ce, "Kwalin? Baba, mutane tef suke son ji."

"Ni ma'aikacin ɗakin karatu ne. Ba ni kwalin."

A jikinsa, da fensir, an rubuta sunan waƙar, da kwanan wata, da minti biyu da daƙiƙa hamsin da takwas. A ƙasa kuma, da wani rubutun dabam, na mai kamfanin: "A ƙara sauri. Su yi kama da yara."

Lionel ya leƙo ta kafaɗata ya yi dariya. "Au, wannan? Ai an sha yi. Sai a naɗa ɗan salatif a sandar da ke jan tef, ya riƙa gudu kaɗan. Murya ta ƙara tsini, kiɗa ya ƙara zafi. 'Yan matan sakandare ke sayen faifai, su kuwa waɗannan tsofaffin sojoji ne."

Na ce, "Kuma ba a gaya wa mawaƙan ba?"

Ya ce, "Baba, wa ke gaya wa mawaƙa wani abu?"

Ya ɗora tef ɗin a saurin da aka ɗauke shi. Yaya, na ji waƙar nan ta fi sau dubu. Na san inda allura ke ɗan tsalle, na san inda wani ya ja numfashi. Amma da muryar ƙasa ta shigo, sai na ji Kawu Cleon. Ba mawaƙin faifai ba, shi kansa, da muryar da yake ce mini in sauke ƙafata daga kan kujera. Shekara ashirin da bakwai ina sauraron wani ɗan siririn mutum ina kiran sa kawuna. Na nemi Lionel ya nuna mini bayi, na daɗe a ciki.

Shi kuwa Yaya Rayford, a tef ɗin ba yaro ba ne mai ƙara. Namiji ne da ya san abin da yake roƙo. Kuma a ƙarshen bai yi tsalle ba, takawa ya yi ya hau ya zauna.

Mun yi gardama da samarin har abincin rana ya huce. Su suna son saurin da jama'a suka saba da shi. Na ce su buga yadda aka rera, in ba haka ba su nemi wani ya rubuta musu tarihin. Na faɗi haka da ƙarfin hali, ina addu'ar kada su ce to. Sun yarda za su sa duka biyun, na gaskiyar a farko.

Ga hoton kwalin da na sa aka ɗauka, ga sabon kaset. Ban rubuta wa Yaya Rayford komai ba. Na lura taushina yana da haɗari. Ki ba shi da hannunki.

Za ki yarda dai cewa duk wani mai bincike, da hujjojin da ke gabana a watan Agusta, inda na tsaya zai tsaya.

Ƙaninki,
Alphonso

Tarboro, 8 ga Oktoba

Malam Littafi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Gwiwa ta yi sauƙi, ko kuma na manta da ita.

Saƙonka ya zo jiya da hantsi, Rayford ya dawo daga kai yara makaranta ke nan. Na ajiye hoton kusa da kofinsa. Ya sa tabarau, ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa.

Ya ce, "Su yi kama da yara? Ni da na yi shekara biyu a Koriya?"

Na danna rikoda. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Da ta ƙare ya ce, "Cleon ke nan." Can ya ce, "Sake sawa." A karo na biyu ya fara bi a hankali, kamar mai taka ƙanƙara. A na uku na kashe rikodar na koma piyano, na ɗora yatsa a baƙin maɓallina. Ya tsaya a bayana ya dafa kafaɗata. Alphonso, ya hau. Ba kamar da ba, akwai ɗan tsatsa a gefe, kuma bai daɗe a sama ba. Amma ya hau, ya tsaya, ya sauko da ƙafarsa.

Ya ce, "Zella, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ubangiji ne kaɗai ya riƙe hannuna, don littafin waƙoƙin coci yana kusa kuma yana da nauyi.

Yau da safe ya wanke motar da ya wanke shekaranjiya. Dattijuwa Hargrove ta bugo waya daga gida na huɗu ta ce a gaya wa Ɗan'uwa Gaither ta ji murar ta warke, ana jiran sa Lahadi.

Ka ba su sunansa. Za mu zo a jirgin ranar 12 ga Nuwamba. Ka gaya wa shugaban masu kiɗan ya ba mai piyanonsa hutu na minti uku, ni zan zauna. Ka kuma nemo mana masauki marar matakala.

Wasiƙarka shafi huɗu ce. Na karanta ta sau biyu, har na juya bayanta na duba cikin ambulan. Akwai wata 'yar magana da nake nema, ban gan ta ba. Wataƙila ta faɗi a jirgin Philadelphia.

Yayarka,
Ozella

Baltimore, 12 ga Oktoba

Yaya Ozella,

Ina gaida ke, ina gaida Yaya Rayford da motarsa mai tsabta. Ni lafiya.

Wasiƙarki ta iso ranar goma da rana tsaka, na kai sunayen da ƙafata kafin a rufe. Biyar na ba su. Mai bugawa ya ce a hoton mutum huɗu yake gani, na ce ya buga abin da aka ba shi. Ɗakina na ƙasa ba matakala, ku za ku kwana a ciki, ni da kyanwa mu hau sama.

Maganar da kike nema ba ta faɗi a jirgi ba, a aljihuna na riƙe ta. Na yi kuskure, Yaya. Ke ce da gaskiya, tun 1954.

Ƙaninki,
Alphonso